Ɗan Mai Awo da Sikelin Mai Turare

Mahaifina mai awo ne a wata kasuwar ƙauye kudu da Kano, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda da sikeli ba. Yakan ce mudu a gaban idonka ake cika shi, amma sikeli allura ce kawai take rawa, mai shi ya gaya maka abin da ya ga dama. Yana da dalilinsa, don a ƙuruciyarsa ya sha kai gyaɗa wurin masu saye ya dawo rai a ɓace. Idan zai auna wa mace gero, sai ya cika mudun ya yi tozo, ya juye mata, sannan ya sa hannu ya ɗebo ɗan wani ya ƙara. Wannan ƙarin shi ne gyara. A rumfarmu awo ba gyara rowa ce, abin kunya kuma. Da wannan hannun na tashi, da shi na zo Riyad, kuma shi ne ya kusa raba ni da abin da na fi so in samu a duniya.

Ni direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ina zaune a unguwar Nasim, ɗaki ɗaya a saman wata baƙala, wato kantin kayan masarufi. Na fi shekara ashirin ina shan taba. Aikin direba rabinsa jira ne, ka ajiye maigida ka zauna a mota ko a inuwa awa biyu, awa uku, to me za ka yi da hannunka? Haka nake kare kaina duk wanda ya yi mini magana, kuma ina da baki, ba a cika ƙure ni ba.

Wadda ta ƙure ni 'yata ce ta biyu, lokacin tana da shekara tara. Tana da asma. Na je gida hutu bayan shekara biyu, ina shiga tsakar gida ta rugo ta rungume ni, ta cusa fuskarta a rigata. Ko minti biyu ba a yi ba ta fara tari, numfashinta ya soma fito, uwarta ta ruga ɗaki ta ɗauko abin shaƙarta. Na yi wanka, na canza riga, na fesa turare, ashe turaren ma ƙara mata yake yi. Sauran kwanakin hutun daga bakin ƙofa take gaishe ni. Ranar da zan dawo ta tsaya nesa ta ce, "Baba, ba ƙin ka nake yi ba, jikinka ne yake shaƙe ni." Wallahi ban taɓa jin maganar da ta soke ni irin wannan ba. A cikin jirgi na yi wa kaina alkawari, hutu mai zuwa yarinyar nan za ta kwantar da kanta a ƙirjina ba tare da an nemo abin shaƙa ba. Maigidana ya yarda in sake zuwa bayan shekara guda, don haka wata goma sha biyu ke gare ni.

Sau biyu na gwada yankewa lokaci ɗaya, sau biyu na faɗi kafin mako. Wata nas 'yar Zariya da ke aiki a asibitin da muke zuwa ta gaya mini gaskiya ba kwana-kwana. Ta ce sigarin lantarki da na ce zan koma masa ba lafiya ba ne, kuma tururinsa ma ba zai kusanci mai asma ba. Idan na nace, to in riƙa rage ƙarfin nikotin ɗin wata-wata har ya ƙare, in jefar da na'urar ita ma tun kafin in tafi gida. Na ce na ji.

Matsalar ita ce ruwan nikotin da ake zuba wa na'urar, wanda ake sayarwa a shago, ƙarfinsa hawa-hawa ne masu nisa, daga wannan zuwa na ƙasa da shi tsalle ne babba. Wani abokin aikina ya nuna mini yadda ake sirka shi a gida. Ka ɗauki na shago, ka haɗa shi da gilisarin irin na abinci da ake samu wurin masu kayan kek, da wani ruwan mai tsinkewa wanda ba nikotin a cikinsa. Kowane wata ka rage na shagon ka ƙara na sirkin. Ya rubuta mini adadin a takarda, mililita kaza na wannan, mililita kaza na wancan. Ya ce in sayi ɗan sikeli. Na ce masa Allah ya kiyaye, ni ɗan mai awo ne, ba a koya mini awo.

Ma'aunina ɗan kofin roba ne na shan maganin tari, mai layi-layi a jiki. Na fara ne a lokacin sanyi, kuma wanda bai zauna Riyad ba ba zai yarda da irin sanyin da take yi ba. Gilisarin a lokacin kaurinsa kamar zuma. In cika kofin zuwa layi, in juye a kwalba, sai in ga wani ya manne a jikin kofin ya ƙi sauka. Sai in ɗaga gorar in ɗan ƙara. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kan ƙarin nan ba, hannuna ne yake yi da kansa, yadda ya saba tun ina tsaye a bayan buhunan mahaifina. Wata kwalbar ta fito da ƙarfi har kaina ya riƙa juyawa, wata ta fito daidai. Na ɗauka jikina ne yake canzawa. Haka na lallaɓa wata huɗu ban taɓa karan taba ba, har na fara cika baki a wurin direbobi.

Sai zafi ya shigo. Da rana ina wurin aiki, na'urar sanyaya ɗaki a kashe, gorar gilisarin tana kan taga. Ranar da zan haɗa kwalbar wata na biyar, na tarar ya tsinke kamar man gyaɗa. Na cika kofi, na juye, na ɗaga gora na yi ƙarin da na saba, ya zubo da gudu, na ce ba komai. Na rufe na girgiza.

Kwana uku na yi kamar zan ci mutum. In zuƙa, in zuƙa, kamar iska nake sha. Na yi wa mai baƙala tsawa a kan burodi. Na yi wa wata mota hon a bakin shingen shiga unguwar aikinmu har mai gadi ya leƙo, abin da zai iya cin aikina. A rana ta huɗu da azahar ina jiran maigida, wani mai gadi ɗan Sudan ya kunna taba kusa da ni. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Ya ba ni ɗaya. Kafin la'asar na sayi kwali guda, kafin magariba na sha bakwai.

Ba zan ɓoye ba, na raina kaina ƙwarai. Na ce ashe ni ba komai ba ne, ɗan mataki ɗaya da aka rage ya kayar da ni, ina ga sauran matakai shida? Matata ta kira ni a waya da hoto, yarinyar ta leƙo tana tambaya saura wata nawa, na ce mata cajina ya kusa ƙarewa.

Kusa da masallacin unguwarmu akwai shagon turare, kuma mai tsaron shagon wani dattijo ne Badamagare. Ya fi shekara talatin yana wa kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, aiki a wurin, yana auna itacen udu da man turare a kan wani ɗan sikeli mai lambobi. Na saba in na taso da wuri in zauna wurinsa bayan la'asar mu sha gahawa. Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, don haka tun ranar da ya ji daga inda na fito bai sake kirana da komai ba sai Bakano, ni kuma ina ce masa Baba. Mako guda na yi ina kauce wa shagon. Ranar da na shiga, na tauna kanumfari, na wanke hannu da sabulu har sau uku.

Ko zama ban yi ba ya ɗago kai. "Bakano, ka koma gidan jiya."

Na ce, "Haba Baba, wurin masu sha na zauna."

Ya ce, "Ni za ka gaya wa? Hancin nan yana bambance udun Kambodiya da na Indiya daga bakin ƙofa. Zauna."

Na zauna, na zayyana masa komai, har maganar yarinyar, wadda ban taɓa gaya wa kowa a garin nan ba. Na ce na gane ba ni da zuciya, shi ke nan. Bai lallashe ni ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Tambaya ya yi, da me nake aunawa? Na ce da kofin maganin tari. Ya ce ina cika shi daidai layi? Na ce daidai, sai ɗan gyara. Ya ajiye finjalinsa ya kalle ni kamar na ce ina tuƙi ido rufe. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar in zo masa da kayan gaba ɗaya.

Na je. Ya sa aka ajiye rabin gilisarin ɗin a firjin baƙalar da ke gefensa, rabin kuma ya dasa shi a rana bakin ƙofa. Muka sha gahawa har ɗaya ya yi sanyi, ɗaya ya yi zafi. Sannan ya ɗora kwalba wofi a kan sikelin, ya danna wani maɓalli lambar ta koma sifili, ya ce in auna kofi ɗaya na mai sanyin yadda na saba, kada in canza komai don yana kallo. Na auna, na juye, na yi ƙarina. Ya rubuta lambar. Ya kawo wata kwalbar, na auna na mai zafin. Ya rubuta. Ya sa na maimaita kowanne. Lamba huɗu, babu biyu da suka yi kama, kuma tsakanin ta ƙasa da ta sama tazarar ta kai in ka ganta sai ka rantse ba hannu ɗaya ne ya auna ba.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ɗauki kofin na cika shi da gilisarin daidai layin goma, ba ƙari, na ce ya auna wannan. Ya cire nauyin kofin, sikeli ya nuna giram sha biyu da wani abu. Na tashi tsaye. Na ce, "Ka gani ko? Goma ce a idona, ƙarfenka ya ce sha biyu! Abin da mahaifina yake faɗa ke nan, sikeli ɓarawo ne!" Har wani Balarabe da ke shinshina turare ya juyo.

Baba ya yi dariya har da riƙe kanta. Ya ce, "Kai Kanawa, Allah ya yi ku da baki. Mudun gero da mudun dusa nauyinsu ɗaya?" Na ce a'a. Ya ce, "To cika kofin da wancan ruwan mai tsinkewa." Na cika zuwa layin goman, sikeli ya nuna goma da ɗan kaɗan. Ya ce gilisarin ya fi nauyi ne kawai, kofi yana faɗin wurin da abu ya ci, sikeli yana faɗin nauyinsa, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sannan ya sa na juye kofin mai sanyin, ya mayar da kofin da nake kira wofi kan sikeli, ya nuna mini abin da ya manne a ciki. Da sanyi, in ji shi, gyarana yana cike gurbin abin da ya manne, wani lokacin ma bai kai ba. Da zafi kuwa komai ya sauka, ga gyara ya zubo da gudu a kai. Ya tambaye ni na shagon fa, shi ma ina masa gyara? Na ce a'a, shi nakan tsaya ƙasa da layi kaɗan, don ai rage shi nake son yi.

Ya girgiza kai. Ya ce, "To wancan watan ba mataki ɗaya ka sauka ba, daga bene ka diro. Kowa ya diro haka sai ya karye. Ba zuciyarka ba ce, hannunka ne."

Na koma na zauna. Idona ya ciko, na yi kamar hayaƙin turaren wuta ne ya shige shi. Kwana goma ina zagin kaina, ina shirin gaya wa matata ta daina sa wa yarinya rai.

Sai ya sassauta murya. Ya ce, "Ban ce mahaifinka ya yi kuskure ba, Allah ya jiƙansa. Gyara alheri ne ga mai saye, tsohuwa ta je gida ta ga tuwonta ya ƙaru. Amma a nan wa kake yi wa alherin? Kai ne mai awo, kai ne mai saye, kuma abin da kake aunawa ba abinci ba ne."

Ya ɗauki takardar abokin aikina. Ya aike ni kantin magani na sayo sirinji, muka auna mililita goma na kowane ruwa a tsanake, muka ga nauyinsa, ya mayar da duk lissafin zuwa giram. Ya rubuta a bayan wani kwalin turare da rubutunsa na ajami, wata shida layi shida, ya mayar da ni matakin da na faɗo daga kai. Ya koya mini yadda yake haɗa mai: kwalba a kan sikeli, ka mayar sifili, ka ɗiga na farko kai tsaye har lamba ta kai, ka sake mayarwa sifili, ka ɗiga na biyu. Ba kofi, ba abin da zai manne, ba abin wankewa. Ya ce idan na shagon ya taɓa fatata in wanke nan take, kuma in rufe shi inda ba mai ɗauka. Daga nan ya jawo aljihun tebur ya fito da wani tsohon sikeli, ƙarami kamar wayar hannu, murfinsa ya tsage an ɗaure da salatif.

Ya ce, "Aro ne. Ni ban ce hayaƙin nan naka alheri ne ba, duk wari ne a wurina. Ranar da ka gama ka dawo mini da abuna."

Ba zan ce daga nan komai ya zo da sauƙi ba. Kowane sabon wata sai na yi kwana biyu ina jin haushin kowa. Bambancin shi ne yanzu na san iyakar abin da aka rage, na san ba zai wuce haka ba, sai in daure. Abin da ya fi ba ni wuya hannuna ne. Lamba ta kai, in ji yatsuna suna son su ƙara matsa gorar, kamar in na tsaya daidai na yi rowa. Sau ɗaya na biye musu, sikelin ya tona ni nan take, na zubar da kwalbar na sake sabuwa ina zagin kaina da Hausa da Larabci. Nakan yi mamaki, ni da aka haifa a gidan da ake tsine wa sikeli, ga ni durƙushe a gabansa ina riƙe numfashi kada iska ta motsa lamba. Na roƙi gafarar mahaifina a zuciya, kuma ina jin da ya ga dalilin da bai hana ni ba.

Duk Juma'a Baba sai ya ce in matso, ya shinshina ni a gaban mutane kamar mai sayen kifi, ga shi ruwan shagon da nake saya mai ƙanshin kankana ne. "Yau kankana kake wari, Bakano. Namiji da warin kankana!" In ce masa gara kankana da Badamagaren da ya shekara talatin cikin turare har yanzu ba a yi masa tayin ƙarin aure ba.

Layi na shida babu na shago a cikinsa ko ɗigo. Na yi mako uku a kansa, sai wata safiya na fita aiki na manta na'urar a ɗaki, ban tuna ba sai da azahar. Da na dawo na jefa ta a shara tare da gorunan. Saura wata guda da 'yan kwanaki tafiyata. Na ba da tsofaffin rigunana, na sayi sababbi, har jakar tafiya na canza don tsohuwar ta sha hayaƙi.

Ana jibi zan tashi na kai wa Baba sikelinsa. Ya karɓa, ya duba salatif ɗin, ya mayar aljihun tebur. Na ce ya ba ni turare mai kyau na shiga gida. Mutumin da sana'arsa ke nan, ya ce ba zai sayar mini ba. Ya zagayo ya kama wuyan rigata ya shinshina, dama da hagu, ya daɗe. Ya ce, "Ba na jin komai. Tafi mata haka." Na so in yi masa godiya yadda ya kamata, bakin nan nawa da ba ya mutuwa ya ƙi buɗewa. Na riƙe hannunsa da hannu biyu kawai. Ina faɗa yanzu, tunda ban iya faɗa a ranar ba: bayan iyayena ban san wanda ya yi mini abin da dattijon nan ya yi mini ba, Allah ya saka masa da alheri, ya mayar da shi Damagaram lafiya.

Na isa gida da hantsi. Yara suka yo kaina, ita kuwa ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki inda ta saba tsayawa, ta ce, "Baba sannu da zuwa." Ta ƙara tsawo. Na zauna a kan tabarma na ce ta zo. Ta kalli uwarta. Na lura uwar ta riga ta ɗauko abin shaƙar, ta dunƙule shi a hannu cikin mayafi. Yarinyar ta taho a hankali, ta durƙusa, ta fara shinshina hannun rigata, sannan kafaɗata. Sai ta kwantar da kanta a ƙirjina.

Na kasa kunne ina jiran fiton nan. Minti ɗaya, minti biyu. Numfashinta yana shiga yana fita, shiru. Aka kawo abinci, na yunƙura zan gyara zama, ta riƙe rigata ta ce, "Baba, kada ka motsa." Ban motsa ba. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, tuwon ya huce, uwarta ta buɗe hannu ta ajiye abin shaƙar a kan taga ta shiga ɗaki tana share ido.